MALAM AMINU KANO, MALAMIN DA YA YAƘI HARAJI DA JANGALI (1920–1983)

  

 A wannan fitowa filinmu na tarihin magabata ya sauka a kan wani bawan Allah wanda da wuya a sami gidan da ba a san sunansa ba daga Dutse har Kiyawa, daga Birnin Kudu har Jahun, wato Malam Aminu Kano. Da yawanku kun san shi a matsayin ɗan siyasa. To amma kafin siyasa malami ne ɗan malamai, kuma abin da ya kai shi siyasar wata tambaya ce da ke cikin littattafan fiƙihun da kuke karantawa: me ya halatta hukuma ta karɓa daga hannun talaka, kuma me ya wajaba ta yi masa da abin da ta karɓa? Ku gyara zama.

HAIHUWARSA DA NASABARSA

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920, wato cikin watan Zulƙida na shekarar 1338 ta Hijira. Mahaifinsa, Malam Yusufu, daga zuriyar Fulanin Genawa yake, gidan da aka sani da ilimi da alƙalanci a Kano, kuma shi kansa ya yi aikin mufti a kotun alƙali. Mahaifiyarsa, Rakiya, ita ma mai karatu ce, kuma a wurinta ya fara riƙe allo. Allah bai nufa ta ga girmansa ba, domin ta rasu yana ɗan kimanin shekara shida.

Ka ga ke nan yaron ya tashi a gidan da zancen safe da na yamma shi ne shari'a: wa ke da gaskiya, wa aka zalunta, mene ne hukunci. Yaron da ya tashi yana jin irin wannan, ko ba a ce masa komai ba, kunnensa zai saba da rarrabe halal da haram.

KARATUNSA DA KOYARWARSA

Bayan ya yi nisa a karatun Alƙur'ani, sai aka sa shi makarantar elementare ta Shahuci a 1930, daga nan ya wuce Midil ta Kano. A 1937 ya shiga Kwalejin Kaduna, wadda ita ce aka taso da ita daga Katsina, daga baya kuma ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Ya gama a 1942 da takardar shaidar malanta, aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci.

A Bauci Allah ya haɗa shi da mutanen da suka kaifafa tunaninsa. Akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Akwai kuma Malam Sa'adu Zungur, masanin Larabci da fiƙihu, mawaƙi, mutum mara tsoro. Su ne suka riƙa zama suna tattauna al'amuran ƙasa a bainar jama'a, har da yadda En'e ke tafiyar da mulki, a zamanin da ko ɗaga ido ka dubi hakimi abin tsoro ne.

A 1946 aka tura shi Ingila ƙarin karatun koyarwa a Jami'ar Landan. Da ya komo sai ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Daga nan aka mai da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru, a lardin Sakkwato na wancan lokaci, jihar Zamfara a yau. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya komo Kano. Ka tsaya ka yi tunani a nan. A zamanin nan malamin da ya je Ingila ya dawo, hanyar babban muƙami a buɗe take gabansa. Shi kuwa ya bar albashi ya rungumi abin da bai da tabbas. Don ka gane dalili, dole mu koma baya kaɗan mu ga halin da talaka yake ciki.

MENE NE HARAJI, MENE NE JANGALI?

Tun kafin jihadi sarakunan ƙasar Hausa suna karɓar kuɗaɗe iri-iri. Akwai kuɗin ƙasa da manomi ke biya, da kuɗin rafi na masu lambu, da kuɗin karofi na marina, da jangali da ake karɓa a kan kowace saniya. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, a cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da wasu irin waɗannan cikin al'adun zalunci da shari'a ba ta ɗora wa Musulmi ba. Sai dai bayan jihadin, sannu a hankali, da yawa daga cikinsu suka sake komowa.

Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Da suka zauna, abin da suka fara dubawa shi ne hanyar kuɗi. A 1906 Gwamna Lugga ya kafa dokar da ta tattara yawancin kuɗaɗen nan wuri guda, ya zama abin da jama'a ke kira haraji, jangali kuwa aka bar shi daban. Har zakkar hatsi da ake tarawa a da aka cusa ta cikin harajin. A zamanin Sarkin Kano Abbas aka rarraba ƙasa gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna a ƙasarsa, aka kuma kafa Baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai albashi. Da farko rabin abin da aka tara na gwamnatin Turawa ne, rabi na En'e. A wasu gundumomin har malamai aka fitar suna auna gonaki da taki, ana yanka haraji gwargwadon faɗin gona.

To, ina mu a lokacin? Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Jahun da Ringim duk gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano. Ga yadda abin yake tafiya. Malamin haraji zai fito ƙidaya, a rubuta kowane namiji baligi. Mai unguwa ya tara na unguwarsa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya ɗauka sai Baitulmali a Kano. Wanda ya biya a ba shi ɗan rasit, kuma wannan 'yar takarda ita ce mutuncinsa a hanya da kasuwa.

Wahalar tana ina? Na farko, Turawa suka ce kuɗinsu suke so, sule da sisi, ba wuri ba, ba dami ba. Manomin da ya cika rumbu da gero amma ba shi da sule, bai biya ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, daga baya kuma aka ja layin Nguru ta Ringim da Malam Madori. Sai ya zama dole manomi ya ware wani sashe na gonarsa ya shuka gyaɗa don haraji. Dalar gyaɗar nan ta Kano da kuke gani a hoto, akwai gumin kakanninku a cikinta.

Na biyu, da kaka ake karɓa, lokacin da kowa ya kawo amfani kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Idan kuɗin gyaɗa bai kai ba, sai a buɗe rumbu a sayar da hatsi da araha. Damina na tsayawa, abinci ya ƙare, sai mutum ya koma ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya ci bashin da zai biya ninki idan kaka ta yi. Shekara ta zagayo, a sake.

Na uku, haraji bai san fari ba, bai san fara ba, bai san ciwo ba. An rubuta ka, an rubuta ka. Tsofaffi suna ba da labarin yadda ake tsare magidanci a rana a ƙofar gidan dagaci, ko a kama akuyar matarsa, ko a ɗaure shi a gaban 'ya'yansa. Da yawa daga masu tafiya cin rani, neman kuɗin haraji ne ya fitar da su. Fulani kuwa, lokacin ƙidayar jangali na zuwa, sai ka ga an kora shanu cikin dare an tsallaka wata ƙasa. Ban da wannan ga aikin tilas: gyaran hanya, ɗaukar kayan baƙin hukuma, noman gandun masu sarauta, ba ko anini.

Adalci shi ne mu faɗi ɗaya gefen. Kuɗin nan ba duka aka cinye ba. Da shi ake biyan alƙalai da malaman makaranta, da shi aka gina asibiti da makarantu, da shi En'e ta Kano ta kawo ruwan famfo da lantarki cikin birni tun wajen 1931. Haka kuma ba kowane basarake ne azzalumi ba. Akwai dagatai da masu unguwannin da suka riƙa cika wa talakawansu daga aljihunsu, domin in kuɗi bai cika ba rawaninsu ne a kan siraɗi. Amma mutumin ƙauye da ya biya, in ya waiwaya, ba ruwa, ba magani, ba makaranta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

BAMBANCIN ZAKKA DA HARAJI

Ɗalibi, ɗauko abin da ka koya a darasin fiƙihu ka ajiye kusa da wannan, za ka ga abin da Malam Aminu ya gani.

Zakka tana da nisabi. Wanda hatsinsa bai kai wusuƙi biyar ba, wato sa'i 300, babu zakka a kansa. Wanda ya kai, in da ruwan sama ya noma, ya fitar da ɗaya bisa goma. In da wahalar ban ruwa ne, rabin haka. Mai shanu sai sun kai 30 sannan ya ba da ɗan maraƙi guda. Mai awaki ko tumaki sai sun kai 40 sannan ya ba da guda. Mai kuɗi kuwa sai sun kai nisabi, shekara ta zagayo a kansu, sannan ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Harajin da muke magana ba shi da nisabi. Kai ake ƙirgawa. Jangali ma haka, mai saniya uku da mai garke ɗari, kowace saniya da kuɗinta.

Sannan zakka tana da inda aka ce a kai ta. Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas, kuma faƙirai da miskinai su ne a gaba. Malamanmu na Malikiyya sun ce a raba ta a inda aka tara ta, sai in akwai waɗanda suka fi buƙata a wani wuri. Wato zakka daga mawadaci take gangarowa zuwa matalaucin garinsu. Haraji kuwa daga matalaucin ƙauye yake hawa zuwa birni.

Kada ka fahimci cewa duk abin da hukuma ta karɓa ban da zakka haramun ne. Malamai sun yi bayani cewa idan Baitulmali ya gaza, kuma ga buƙatar jama'a ta gaskiya, shugaba yana iya ɗora wa masu hali wani abu gwargwadon buƙatar, da sharaɗin a yi adalci wajen rabawa, a kuma kashe shi a inda aka ce. Waɗannan sharuɗɗa su ne ma'aunin. Da su Malam ya auna harajin zamaninsa ya ga bai cika mudu ba.

ZAMANIN SAWABA

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Hausawa ke kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu ya shigo bayan ya bar aiki, kuma a 1953 ya zama shugabanta. Alamarta tauraro.

Abin da suke nema a fili yake: a daina aikin tilas, a daina karɓar abin da doka ba ta ce ba, a raba alƙali da ikon mai mulki, talaka ya zaɓi wanda zai wakilce shi da hannunsa, a kuma gaya masa inda kuɗinsa ke tafiya. Malam yana shiga ƙauyuka yana magana da Hausar da kowa ke ganewa, yana kafa hujja da tarihin Shehu da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello. Yana koya wa mutane abubuwan da a yau za ka ga kamar ƙanana ne: in ka biya ka karɓi rasit, ka san nawa aka rubuta maka, kada ka biya sau biyu, kada ka yi noman da ba a biya ka ba. Mutumin da bai iya karatu ba, ko rasit ɗin bara aka miƙa masa karɓa zai yi. Shi ya sa a wurin Malam yaƙi da jahilci da yaƙi da zalunci tafiyarsu ɗaya.

Wannan ne ya kawo mu kan abin da ya shafe ku kai tsaye. Malam Aminu yana cikin mutanen farko da suka kawo tsarin makarantar Islamiyya a Kano a farkon shekarun 1950: a zauna aji-aji, a yi Alƙur'ani da tauhidi da fiƙihu da Larabci, a haɗa da lissafi da rubutu, kuma 'ya'ya mata su zauna su koya kamar 'yan'uwansu maza. A lokacin an yi wa makarantun nan kallon na 'yan adawa, an tsangwame su ƙwarai. Yau ga shi babu unguwar da ba ta da Islamiyya. Ke ɗaliba da ke riƙe da wannan mujalla, ki sani akwai waɗanda suka sha zagi kafin ki sami wannan benci.

Ba a sha da daɗi ba. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala da tara a kotuna, sau da yawa a kan laifin yin taro ba izini ko zagin masu sarauta. An kori wasu daga garuruwansu, an hana wasu gona ko rumfar kasuwa, an raba aure saboda siyasa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, mace ce, amma an ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A zaɓen 1951 NEPU ta yi ƙoƙari a matakin farko, amma zaɓen hawa-hawa ne, kafin a kai matakin ƙarshe an tace 'yan takararta duka. Malam da kansa ya faɗi zaɓe a 1954, ya sake faɗi a 1956. Bai fasa ba, bai kuma ce a ɗauki makami ba. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko.

DAGA MULKIN SOJA ZUWA 1979

Soja suka karɓi mulki a 1966, aka rushe jam'iyyu. A 1967 aka ƙirƙiro jihar Kano, mu ma muna cikinta, kuma a shekarar ce Janar Yakubu Gowon ya naɗa Malam kwamishinan tarayya na sadarwa, daga baya ya koma na lafiya har 1974. A wannan tsakani wasu abubuwan da NEPU ta daɗe tana kuka a kansu suka tabbata: aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e aka mai da su hannun gwamnati. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, kuma daga wannan lokaci ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, abin da Malam ya yi shekara da shekaru yana kira a kai. Amma haraji yana nan daram.

Da aka buɗe fagen siyasa a 1978, Malam ya jagoranci jam'iyyar PRP, mai alamar mabuɗi, ya tsaya takarar shugaban ƙasa. Wani abin mamaki, hukumar zaɓe ta so ta hana shi tsayawa a kan maganar takardar shaidar biyan harajinsa, sai da aka je kotu sannan aka bar shi. Bai ci shugabancin ƙasa ba, Alhaji Shehu Shagari ne ya ci. Amma jam'iyyarsa ta ci jihohi biyu: Kano, inda Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, da Kaduna, inda Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya zama gwamna.

Ranar Litinin, 1 ga Oktoba, 1979, aka rantsar da su, kuma da hawansu suka ba da sanarwar soke haraji da jangali a jihohinsu. Jihar Kano ta wancan lokaci ta haɗa da duk Jigawa ta yau, har Haɗeja da Gumel da Kazaure. Ke nan a kakar wannan shekara manomin Dutse ya kai amfaninsa gida ba tare da jiran sallamar mai unguwa ba, abin da ubansa da kakansa ba su taɓa gani ba. Ba a jima ba wasu jihohin Arewa suka bi sahu. Daga kafa NEPU zuwa wannan rana shekara 29 ke nan. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Masu suka a lokacin sun ce to da me ƙananan hukumomi za su yi aiki? Tambaya ce mai ma'ana. Amsar masu sokewa ita ce kuɗin man fetur da ake rabowa daga tarayya ya riga ya ninka abin da harajin ke kawowa, don haka babu dalilin ci gaba da wulaƙanta magidanci a kansa. Gwamnatin Rimi ta kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980 don manya su koyi karatu da rubutu. Sai dai akwai wani darasi a nan da ya kamata ka riƙe. Da hukuma ta koma dogaro da kuɗin da ke zuwa daga sama, mutane da yawa sai suka daina tambayar inda kuɗin ke tafiya, wai ai ba daga aljihunsu ya fito ba. Wannan kuskure ne babba. Dukiyar ƙasa amana ce ta jama'a duka, ko daga rumbunka ta fito, ko daga rijiyar mai.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Shekarunsa na ƙarshe ba su rasa ɗaci ba. Tun daga 1980 saɓani ya shiga tsakaninsa da gwamnonin nan biyu, jam'iyya ta dare gida biyu, ana kiran ɓangaren Malam 'yan Taɓo, ɓangaren gwamnoni 'yan Santsi. A 1981 majalisar jihar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Abokan gwagwarmayar shekara talatin suka koma ba sa ga maciji. Wannan ma abin lura ne gare ku: haɗuwa a kan ƙin zalunci ta fi sauƙi a kan zama tare bayan an sami iko.

Duk da haka Malam bai bar abin da ya tashi a kai ba. Yana karantarwa, yana yin tafsiri da azumi a gidansa na Gwammaja, ƙofarsa a buɗe ga mai rawani da mai tsumma. Ya riƙe ma'aikatun tarayya biyu, amma masoyi da maƙiyi sun yi ittifaƙi cewa bai tara dukiya ba. Farar riga, jar hula, gida madaidaici, shi ke nan.

Allah ya karɓi ransa ranar Lahadi, 17 ga Afrilu, 1983, daidai da farkon watan Rajab na 1403, yana da shekara 62, ana shirin zaɓen wannan shekara. An binne shi a gidansa, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na Kano da kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci duk sunansa suke ɗauke da shi.

ABIN DA YA BARI A JIGAWA

An ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama babban birni, shekara takwas bayan rasuwarsa. Bai ga wannan ba, amma sawunsa yana nan. Babban dandalin taro na Dutse da sunansa ake kiran sa. Alhaji Sule Lamido, mutumin Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, wanda ya je Majalisar Wakilai a 1979 a ƙarƙashin PRP, da ya zama gwamna a 2007 ya kawo dokar bai wa naƙasassu naira 7,000 kowane wata. Ka lura da yadda al'amari ya juya: a da hukuma ce ke aiko wa talaka a karɓa, sai ga ta tana aikowa a ba shi. Haka nan a zamanin marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 zuwa 2023, masarauta ta tsara tattara zakka gunduma-gunduma, ana raba hatsi da dabbobi da kuɗi ga mabuƙatan wurin da aka tara. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, hanyar da haraji ya bi ya fita a da, ita ce zakka ta biyo ta shiga gidajen marayu. Wannan abin godiya ne ga Allah.

Maganar haraji kuwa ba ta ƙare ba. A watan Yuni na 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji na tarayya, kuma cikin abin da suka ƙunsa akwai ɗauke harajin kuɗin shiga daga kan wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba. Ko ba komai, ka ga an yarda cewa akwai iyakar da in mutum bai kai ta ba, ba a taɓa shi. Mu tun a aji uku muka san sunan wannan: nisabi.

DARUSSA GARE KU

Na ɗaya, ilimi shi ne garkuwar talaka. Ka iya karatu, boko da ajami, ka iya lissafi, don kada a cuce ka, kada kuma a cuci mahaifinka a gabanka.

Na biyu, in Allah ya hore muku a gida, ku tunatar da iyaye zakka da ladabi. Kuɗin da aka biya hukuma a kasuwa ko a tasha ba ya sauke ta.

Na uku, abin da doka ta ɗora bisa adalci a biya, a karɓi rasit, sannan a tambayi inda aka kai shi. Tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce.

Na huɗu, wata rana a cikinku za a sami kansila, da ma'aji, da jami'in tattara kuɗin shiga, da hakimi. Ranar da aka miƙa maka littafin rasit ko mabuɗin asusu, ka tuna akwai ranar da za a buɗe naka littafin a gaban Wanda ba a ɓoye masa komai.

Aikin gida: ka je wurin kakanka ko wani dattijo a unguwarku wanda ya girmi shekara 65, ka gaishe shi, ka roƙe shi ya ba ka labarin yadda ake biyan haraji ko jangali a garinku, da yadda suka ji ranar da aka soke. Ka rubuta abin da ya gaya maka, da boko ko da ajami, ka kawo wa malamin ajinku. Waɗanda suka fi kyau za mu buga su a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.

Allah ya jiƙan Malam Aminu, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka masa da alheri. Allah ya jiƙan sarakunanmu da malamanmu da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu cika da imani. Amin.